AKWATIN KAWU DA WASIƘAR MATAFIYI

A wannan mako zan jingine maganar siyasa da ta tsadar kasuwa, in ɗauke ku zuwa wani ɗaki a Jimeta, inda aka buɗe mini wani akwatin ƙarfe da ya shekara uku a rufe.

Akwatin na kawuna ne, yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Da na je gida hutun babbar salla, sai matarsa, wadda dukanmu muke kira Hajiya, ta aiko aka kira ni, ta ce tun da ni ne ɗan boko mai aikin jarida, in zo in duba takardun da ke ciki, in ware masu amfani daga waɗanda za a ƙone. Muka tarar da fasfo uku da hatimi ya cinye shafukansu, da takardun taro, da tsohon sirinjin yi wa shanu allura. Can ƙasa kuma ga wata 'yar jakar fata irin ɗinkin dukawa. Ina kwance bakinta sai na gane abin da ke ciki, gama na san shi tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Wata na'ura ce launin toka, ba ta wuce tafin hannu ba, tana da murfi da ɗan tsinken rubutu a soke a bayanta, an rubuta Palm III a goshinta. Tare da ita akwai wani ɗan akwati da ake maƙala mata a gindi, da igiyar tarho a naɗe, da kawunan soket iri huɗu, da ƙaramin sukundireba, da wani littafin aljihu mai baƙin bango da roba ta ɗaure.

Na aiki yaro ya sayo ƙananan batura biyu, na saka. Abin mamaki, sai ta farka. Amma fa ta farka ne kamar jariri, ba ta san kowa ba. Irin waɗannan na'urori batir ne ke riƙe musu abin da suka haddace, in ya ƙare aka bar su haka, shi ke nan, komai ya shafe. Wasiƙun da Kawu ya rubuta a ƙasashen mutane, da adireshin abokan aikinsa, duka sun tafi. Abin da ya rage shi ne littafin nan mai baƙin bango, wanda aka rubuta da biro.

Kawu likitan dabbobi ne, ya fara aikin gwamnati tun jihar tana amsa sunan Gongola, kafin a raba ta a 1991. Yana cikin waɗanda suka ga annobar bushiya ta 1983 da idonsu, lokacin da Fulani suka wayi gari garke ya koma gawa, kuma har ya rasu ba ya son a tayar da zancen. Da yake cutar shanu ba ta san iyakar ƙasa ba, aikin yaƙi da ita ya sa shi yawo. Yau yana Vom ta jihar Filato, gobe yana Garwa inda Kamaru ke da babban ɗakin harhaɗa allurar dabbobi, jibi yana Farca a Njamena, wani lokaci har Nairobi, inda ofishin kula da dabbobi na ƙungiyar ƙasashen Afirka yake. Allah ya nuna masa shekarar 2011 da aka ba da sanarwar an kawar da bushiya daga doron ƙasa. A ɗaya daga cikin waɗannan tarurruka ne, wajajen 1999, ya sayi na'urar nan a hannun wani abokin aikinsa Bature.

Yaran yanzu ba za su gane dalilin da zai sa mutum mai hankali ya ɗauki wannan ɗawainiya ba sai an gaya musu yadda tarho yake a wancan zamani. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, kusan shi kaɗai ne mai layi, kuma zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki a Nijeriya duka ba su wuce wajen 400,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Lambar Yola 075 ce, dattawa na tuna ta har yanzu. Wanda ke da tarho a gida sananne ne a unguwa, maƙwabta kan ba da lambarsa ga 'yan'uwansu na nesa, a kira a ce don Allah a aika a kirawo wane, za a sake bugowa bayan minti goma. Gidanmu babu. Matafiyi kuwa in ya ƙetare iyaka, sai dai addu'a. Wasiƙar gidan waya takan iso bayan mai ita ya dawo ya huta. Sallahu ta bakin direba ya fi sauri, in direban bai manta ba.

To, ga yadda na'urar take aiki, ga wanda bai taɓa gani ba. Wani kamfani ne a Amurka ya fara fitar da ita a 1996 da sunan Pilot, wani mutum Jeff Hawkins ne ya ƙago ta, wadda Kawu ya saya kuma ta fito a 1998. Ba waya ba ce, ba a magana da ita, ba ta da layi. Littafin ajiye bayani ce kawai mai aiki da batir. Abin da take iya haddacewa megabait 2 ne, watau bai kai nauyin hoto guda da wayar yanzu ke ɗauka ba. Ana rubutu a jikin gilashinta da tsinken nan, harafi ɗaya bayan ɗaya, bisa wata ƙa'ida tata da sai mutum ya koya. Shi kuma ɗan akwatin da ake maƙala mata, shi ne modam. Aikinsa ya juya rubutu ya zama ƙara, ya tura ƙarar cikin igiyar tarho, a can ɗaya gefen wani modam ya saurara ya mai da ita rubutu. Duk wanda ya taɓa jin wannan kuka, fito da shewa da gurnani kamar ana yanka agwagwa, ba zai manta ba. Gudunsa 14,400 ne a daƙiƙa bisa awon masu fasaha, wanda ya kama haruffa dubu ɗaya da 'yan ɗarurruwa. Ga hoto ko murya wannan tafiyar hawainiya ce, amma wasiƙa mai shafi guda cikin ƙiftawar ido take wucewa. Gaisuwar da modam biyu ke yi wa juna kafin su fara aiki ta fi aika wasiƙar kanta daɗewa, abin da Kawu ke cewa sun koya ne wurin mutanen Yola.

A faɗe abin da sauƙi. Littafin baƙin bango ne ya nuna mini wahalar da ke ciki. Kowane gari da shafinsa, kuma kowane shafi darasi ne da aka saya da kuɗi ko da ɓacin rai. Da farko dai, soket ɗin tarho ba iri ɗaya ba ne a duniya. Amurka da nata, Ingila da nata, Jamus da nata, Faransa da nata mai kama da harafin T, wanda ta bar wa akasarin ƙasashen da ta mulka. Dalilin kawuna huɗu ke nan. In aka tarar da otal ɗin da ya binne igiyar cikin bango, sai sukundireba ya yi aiki, a kwance murfin a kama wayoyi biyu da 'yan maƙalai, da gari ya waye a mayar kamar ba a taɓa ba. Sa'an nan akwai haɗari. Manyan otal na zamani sukan yi amfani da wani irin layin cikin gida mai ƙarfin wuta, wanda in ka kuskura ka soka modam a ciki sai ya ƙone shi nan take. A shafin Nairobi Kawu ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan gargaɗi, ya rubuta cewa a nemi layin fakis na ofishin otal, shi ne mai lafiya. A wani shafin ya rubuta: "A fara da 9, a sa waƙafi biyu." Watau tara ce ke fitar da kai daga otal zuwa layin gari, kowane waƙafi kuma umurni ne ga modam ya dakata kaɗan har layi ya buɗe. Har wa yau akwai garuruwan da tarhonsu bai san bugun maɓalli ba sai na juya faifai, tilas a gaya wa na'ura ta sake salo. Akwai kuma inda amon layin ya bambanta da wanda modam ya saba ji, sai ya kafe ya ce babu layi, sai an ba shi umurni ya buga ko bai ji komai ba.

Bayan an ƙetare duk wannan, sai babbar tambaya: wace lamba za a buga? Masu sayar da hanyar intanet a Nijeriya a lokacin akasari a Legas suke, ba su daɗe da farawa ba, gama sai wajajen 1996 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fara ba su izini. Matafiya na duniya sukan yi rajista da kamfanoni irin su CompuServe ko iPass, masu lambobi a birane da yawa, ta yadda in kana London ka bugi lambar London, kuɗin kiran cikin gari kawai za ka biya. Amma biranen Afirka ƙalilan ne a jerin. A shafin Njamena abin da Kawu ya rubuta shi ne: "Babu lambar gari. A bugi Faris. Minti biyu, kada a wuce." Ga lissafin sefa a gefe, an kashe an sake, alamar an yi jayayya da mai otal.

Wannan tsada ce ta koya masa tsari. Ba ya haɗa layi sai ya gama rubuta dukan wasiƙunsa, ya karanta ya gyara. Ya saita na'urar ta ɗauko farkon kowace wasiƙa kawai, don kada wani marar tausayi ya aiko da doguwar takarda ta cinye masa kuɗin abinci. Sai ya buga, abin da ke fita ya fita, abin da ke shigowa ya shigo, ya zare igiya, sa'an nan ya zauna ya karanta a tsanake. Kuma yana da lokaci guda da ba ya saɓawa: bayan sallar asuba, sa'ad da layuka ba su da cunkoso. Kowa a gida ya san haka. In kana son Kawu ya ji magana, ka tabbata ta tafi kafin asuba.

Ɗaya bakin igiyar kuwa yana hannuna. Akwai wani shago a Jimeta, ba nisa da babbar kasuwa, inda ake buga takardu da kwamfuta, ana fakis, ana kiran tarho na kuɗi. Mai shagon yana da adireshin imel guda ɗaya tak, kuma shi ne adireshin duk wanda ya biya. Da dare yakan bugi Legas sau ɗaya, ya tura na turawa, ya kwaso na kwasowa, da safe ya buga su a takarda ya jera a tebur kamar gidan waya. Ni ne ɗan aiken gidanmu. In an tashi daga makaranta in biya, in ce ko akwai ta Dakta, in biya kuɗin takarda, in ruga gida. Sirri kam babu, mai shago ya karanta, yaronsa ya karanta, ni ma na karanta a hanya. Saboda haka Kawu ba ya rubuta abin da ba zai iya faɗa a bakin kasuwa ba.

Kakarmu, mahaifiyar Kawu, wadda muke kira Dada, tana cikin garin Yola, ba ta yarda ta ƙaura Jimeta ba, tana cewa nan bariki ne. Ni nake hawa mota in kai mata karatu. Na'urar ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, ga shi Kawu yana gauraya Hausa da Fillanci, dukansu kuwa masu buƙatar lanƙwasa ne. Ran nan na karanta mata cewa a kula da baki, ta yi shiru tana tunanin wace magana ta faɗa da har ta kai Kamaru, ashe baƙi yake nufi, wasu abokansa da za su sauka a gidan. Har ta bar duniya tana yi mini tsiya da wannan.

A ranin shekarar 2000 Kawu yana Njamena wurin taro, ciwo ya kwantar da Dada ran Talata da dare. Zuwa Laraba da la'asar manya suka ga abin ya wuce na jiƙo. Babu lambar otal ɗinsa a hannun kowa, gama ba a san inda za a sauke su ba sai sun isa. Mahaifiyata ta kama hannuna muka tafi shagon nan, ta faɗa, mai shago ya rubuta, layi uku. Ta roƙe shi don girman Allah kada ya kwanta sai ta tafi. Ya yi ta bugun Legas, layi na yankewa, sai wajen sha biyun dare ta wuce. Da asubar Alhamis, kamar yadda ya saba, Kawu ya soka igiyarsa ya bugi Faris. Wasiƙar da ta tashi daga Jimeta ta bi Legas ta zaga ƙasar Turawa ta same shi a bakin kogin Shari. Amsarsa tana nan cikin akwatin, takardar ta yi ja don tsufa: "Na gani. Ina hanya. Ku ce wa Dada ta jira ni." Ya ƙetare zuwa Kuseri, ya bi Gamboru, ya kwana Maiduguri, ya iso Yola ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ta gane shi, sun yi magana, ta yi masa addu'a. Ran Lahadi ta cika.

Shekara guda bayan haka duniya ta juya. A watan Janairu na 2001 gwamnati ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285, a watan Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki, ko da yake sai da aka ɗan jima kafin abin ya iso Yola. Yau layukan da ke aiki a ƙasar nan sun haura miliyan 150. Kamfanin Palm kansa HP ta saye shi a 2010, ba a jima ba aka daina jin ɗuriyarsa. Shagon Jimeta ya koma sayar da caja da gilashin waya. Kada wani ya zaci kukan jiya nake yi. Abin da Kawu ke yi da kuɗin guzurinsa da sukundireba, yau mai tallar gyaɗa tana yin wanda ya fi shi da ɗan yatsa, ta aika da murya ko ba ta iya karatu ba, kuma babu mai shagon da zai saurara. Wannan alheri ne, wanda ya ce ba haka ba bai taɓa tsayawa layin tarho ba.

Amma bari in ba ku nawa labarin, ku auna. A watan Satumba na 2024, da aka ba da sanarwar cewa za a fara sakin ruwa daga madatsar Lagdo, edita ya tura ni Garwa in ga abin da ido. Mutanen bakin Binuwai sun san abin da sunan Lagdo ke nufi, ba su manta ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. Tsakanin Yola da Garwa a miƙe wajen kilomita 100 ne, kogi ɗaya, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Kafin Ingila da Jamus su raba ƙasar Fombina a tsakaninsu, duka a ƙarƙashin Lamiɗo guda suke. Don haka na tafi kamar mai zuwa Numan. Ban rubuta lambar kowa ba, ban tambayi kowa komai ba, na saka waya a aljihu na hau mota, ina taƙama da takardar shaidar karatun aikin jarida.

Muna ƙetare iyaka da kaɗan layina ya ɗauke. Ban damu ba, na ce in na isa in sayi na can. Na saya, da taimakon Fillancin da na tsinta a zauren Dada, gama Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Na gama aikina, na rubuta labari, na zo aikawa. Sai akwatin imel ya ce ya ga ina ƙoƙarin shiga daga baƙuwar ƙasa, don haka ya aika da lambar tantancewa zuwa layina na gida, in shigar da ita. Na mayar da layin gida, babu ko sanda ɗaya, ban sa an buɗe mini shi don aiki a waje ba kafin in taso. Na ce to in sayi kati da manhajar banki in gwada wata dabara, ita ma ta ce sai lambar da ta tura wa layin gida. Kuɗina na nan, wasiƙuna na nan, ina ganin ƙofarsu, mabuɗin kuwa yana rataye a wuyan layin da ya suma. Daɗin daɗawa, da yamma wayar ta faɗi a bakin kogi gilashin ya mutu. Nan fa ido ya raina fata. Wani bawan Allah ya miƙo mini tasa ya ce in kira ofis, na riƙe ta ina kallo, ban haddace lambar edita ba, ban haddace ta matata ba. Lamba ɗaya ce ta zo mini, ta mahaifiyata, wadda ba ta sake layi ba tun da ta fara riƙe waya. Ita ta aika ƙanena ya nemo lambar ofis, na karanta wa abokin aikina labarin da baki yana rubutawa, kamar yadda 'yan jaridar da suka haife mu ke yi. Shafi ya riga ya rufe. Labarin da ya kamata mutanen Numan da Demsa su gani a wancan mako bai fito ba sai na gaba.

Da nake juya shafukan littafin Kawu, wannan ranar ce ta yi ta dawo mini. Shi ya san kayan aikinsa rarrauna ne, saboda haka bai taɓa ɗora musu dukan nauyinsa ba. Lambobi suna takarda. In soket ya ƙi, ga sukundireba. In layin ɗaki ya ƙi, ga na fakis. A bangon ƙarshe ma ya rubuta lambar wani maƙwabci mai tarho da ta ofishinsu, in komai ya ƙi. Mu kuwa da muka gaji kayan aiki masu ƙarfi, mun tattara imel da banki da hotunan takardun tafiya da lambobin dangi, mun ɗaure su a jikin layi ɗaya, musamman tun da aka wajabta haɗa layi da lambar zama ɗan ƙasa a ƙarshen 2020. A gida wannan tsaro ne, ban musa ba, ya hana ɓarayi da yawa cin dukiyar mutane. A ƙetare kuwa shi ne ke kulle mai gida a waje. Alhazanmu da ke tashi daga filin jirgin saman Yola sun san wannan. Nawa ne suka sayi layin Saudiyya, suka cire na gida suka jefa cikin jaka, sa'an nan suka rasa yadda za su taɓa kuɗinsu? Mutanen Adamawa ma ba sai an tsallaka da su iyaka ba kafin su gane, gama a 2013, bayan an kafa dokar-ta-ɓaci a watan Mayu, an rufe layukan salula a jihar wajen wata biyu, har mutane suka riƙa hawa mota zuwa maƙwabtan jihohi don su yi kira ɗaya su dawo.

Akwai laifin da yake namu, akwai kuma aikin da yake na hukuma. Ƙasashen Tarayyar Turai sun soke ƙarin kuɗin amfani da layi a ƙetare a tsakaninsu tun ran 15 ga Yuni, 2017. Kenya da Yuganda da Ruwanda sun yi irin nasu shirin. A shekarar 2017 ɗin dai ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'ida mai kama da wannan, Ghana da Kwaddibuwa suka fara aiki da ita a tsakaninsu a 2023. To amma ko da kowace ƙasar ƙungiyar ta cika alkawari gobe, mutumin Yola bai tsira ba, domin Kamaru da Cadi ba sa cikinta. Ɗan kasuwar Jimeta ba Akara yake zuwa ba, Garwa yake zuwa, da Marwa, da Ngaundare. Makiyayi da mai kwale-kwale da matar da aka aurar a ƙetaren kogin Faro, su ne masu riƙe da waya biyu, ko waya ɗaya mai layi biyu, suna cire wannan suna saka wancan. Lalle ya kamata Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta zauna da takwararta ta Kamaru a kan wannan, kuma wakilan Adamawa da Taraba da Barno a majalisa su ne ya fi kamata su tayar da maganar, tun da 'yan mazaɓarsu ne ke biya. Bankuna su ma su sama wa matafiyi wata ƙofa ta biyu wadda ba ta bi ta saƙon waya ba, su kuma bayyana ta da Hausa da Fillanci yadda alhajin ƙauye zai fahimta.

Kafin a yi wannan, ga abin da na koma yi, wanda ya ga dama ya ɗauka. Kwana biyu kafin tafiya nakan je ofishin kamfanin layina a buɗe mini shi don ya riƙa karɓar saƙo a waje, in tambayi farashi a rubuta mini. Ba na cire shi daga waya, na can nake sakawa a gurbi na biyu. Masu imel sukan ba da wasu lambobin ko-ta-kwana da mutum zai shiga da su in layinsa ya ƙi, na kwafe su a takarda na raba su da waya. Lambobi biyar na haddace kamar karatun allo. Kuma na ari al'adar asuba: na gaya wa iyalina cewa duk inda nake, bayan salla zan duba saƙo, in kuwa rana ta fito ba su ji ni ba, ga lambar wanda za a nema.

Da muka gama ware takardun, na roƙi Hajiya ta ba ni jakar fatar. Ta zazzage ta a tabarma, ta tura mini na'urar da modam da kawunan soket da sukundireba, ta ce in kai wa yara su yi wasa. Littafin baƙin bango da jar takardar nan ta Njamena kuwa ta ɗauke, ta mayar da robar, ta ce waɗannan ba sa barin ɗakinta, in ina so in zo da biro in kwafa.